Kafin a ɗaure jakar tafiya Alƙahira

Mutanenmu da ke zuwa Alƙahira, akasarinsu ɗayan abu uku ne yake kai su: neman lafiya, karatu, ko saro kaya, sai 'yan ƙalilan da ke zuwa buɗe ido. Saboda na zauna a birnin, na kuma yi jinyar 'yan'uwa a can, mutane sukan neme ni idan tafiya ta kama su, kuma tambayoyinsu ba sa wuce maganar biza, kuɗin masauki, canjin dala da likitan da za a gani. Da wuya a sami wanda zai tambayi irin tufafin da ya kamata ya ɗauka. Kowa ya riga ya yanke a ransa cewa Masar ƙasar Afirka ce, ƙasar hamada kuma, don haka wanda ya sha ranar Sakkwato ko ta Maiduguri ba shi da abin tsoro a can. Wannan zaton nake so in gyara, domin na ga yadda yake wahalar da mutane, kuma waɗanda ya fi wahalarwa su ne waɗanda ba su da ƙarfin jurewa, wato tsofaffi, ƙananan yara da marasa lafiya.

Abu na farko da ya kamata matafiyi ya sani shi ne lissafin bazara, damina, kaka da hunturu da muka tashi da shi ba ya aiki a Alƙahira. Kano tana wajen digiri 12 ne a arewa da layin da ya raba duniya biyu, ita kuwa Alƙahira tana kan digiri 30, kuma tsakaninta da Bahar Rum bai kai kilomita 200 ba. Saboda haka yanayinta ya fi kusa da na ƙasashen bakin wannan teku. Ba ta da damina ko kaɗan. Ruwan da ke sauka a birnin a shekara guda bai wuce kimanin milimita 25 ba, abin da hadari ɗaya mai ƙarfi zai iya zubarwa a Kano a daren Agusta. Ɗan abin da ake samu ɗin ma a lokacin sanyi yake zuwa. Watan Agusta da muke cikin marka da ni'ima a gida, a can yana cikin watannin da zafi ya fi tsananta, watan Afrilu kuwa da muke neman inuwa ido rufe, a can mutum yana iya buƙatar riga mai ɗan kauri da dare.

Zan fi tsayawa a kan sanyi, domin a nan ne ake shan wahala. Daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, zafin rana yakan tsaya a wajen digiri 19 ko 20 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma yakan sauka zuwa 9 ko 10, wani lokaci ƙasa da haka. Wanda ya ga waɗannan alƙaluma zai ce ai hunturun Jos ko na Zariya ma yana kaiwa kusa da haka, kuma gaskiya ne idan maganar asuba ake yi. Bambancin shi ne hunturunmu yana da iyaka: da hantsi ya ɗaga, rana ta buɗe, sai kowa ya cire rigar sanyi, kafin azahar har an fara gumi. Sanyin Alƙahira ba ya tafiya da fitowar rana. Yini gajere ne, kimanin sa'o'i goma a Disamba, magariba tana yi wajen ƙarfe biyar na yamma, dogayen benaye kuma suna tare hasken rana daga yawancin ɗakuna. An gina gidajen ne don a tsira daga zafi, da siminti da daɓen tayil ko na marmara, mafi yawansu ba su da wani tsari na ɗumama ɗaki, saboda haka suna riƙe sanyi kamar yadda randar ƙasa take riƙe sanyin ruwa. Sau da yawa a watan Janairu za ka tarar bakin titi da rana ya fi cikin ɗaki ɗumi.

Na ga wannan da idona a wani gidan haya a Madinatu Nasr, unguwar da ɗalibai da majinyata daga ƙasashenmu suka fi sauka. Wata dattijuwa ce aka kawo aka yi mata aikin gwiwa, kuma duk abin da 'ya'yanta suka haɗo mata atamfofi ne da leshi da mayafai marasa nauyi, sai silifas na roba guda ɗaya. Likita ya ce lallai ta riƙa takawa a cikin gida kowace rana don gwiwar ta saki, amma da zarar ta sauke ƙafa a kan tayil sai ta janye, ta koma cikin bargo. 'Yarta tana ta lallashi, tana cewa, “Inna, ki daure ki taka ko zuwa ƙofa ne,” ita kuwa tana cewa ƙasan ne yake shiga mata har cikin ƙashi. Abin da ya warware matsalar ba wani babban abu ba ne: safa mai kauri, takalmin ɗaki mai laushi, dogon wando na ciki da ƙaramar darduma da aka shimfiɗa daga gado zuwa ƙofar banɗaki. Kwanakin da aka ɓata kafin a gane haka, kwanaki ne da ake biyan kuɗin haya da na abinci a cikinsu, kuma jinya ce take ja baya.

Don haka wanda zai je a waɗannan watanni ya yi tunanin abin da zai sa a cikin ɗaki kafin abin da zai sa a waje. Tufafi masu hawa-hawa sun fi riga ɗaya mai nauyi amfani: singileti mai dogon hannu da wando mai kama jiki a ciki, kaftani ko doguwar riga a kai, sannan suwaita, sannan jaket idan za a fita da dare. Wannan tsari yana ba namiji damar ci gaba da sa kaftaninsa, mace kuma abayarta ko atamfarta, ba tare da sanyi ya ratsa ba. Safa kuwa a ɗauko da yawa, domin wanki ba ya bushewa da wuri a lokacin sanyin can, ba kamar hunturunmu ba da ake shanya kaya a kwashe kafin a gama girki. Mai huffi ya taho da abinsa, zai ji daɗinsa wajen alwalar asuba da kuma a manyan masallatai irin su Azhar da na Husaini, inda ake taka marmara mai sanyi daga ƙofa zuwa sahu. Hular sanyi ga yara da tsofaffi wajibi ce a ganina. Sannan a tuna cewa likitoci da yawa a Alƙahira da yamma suke buɗe ɗakunan ganin marasa lafiya na ƙashin kansu, ana iya kaiwa ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare ana jiran layi, ke nan a daidai lokacin da sanyi ya fi tsanani ne majinyaci zai tsaya a bakin titi yana jiran mota.

Akwai gargaɗi guda da ba na so in wuce ban yi shi ba, domin maganar rai ce. Gidajen haya da yawa suna da na'urar dafa ruwan wanka mai aiki da gas, wani lokaci a cikin banɗakin kanta. Idan na'urar ta sami matsala kuma aka rufe taga ruf saboda sanyi, tana iya fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma ana rasa rayuka ta wannan hanya a lokacin sanyi. A bar taga a ɗan buɗe, kada a daɗe a ciki, kuma duk wanda ya ji jiri ko ciwon kai yana wanka ya fito nan take. Haka nan kada kowa ya hura gawayi a kasko a cikin rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Ƙaramar hita ta lantarki ba ta da tsada a shagunan unguwa, kuma gara a tambayi mai gida tun kafin a biya haya ko na'urar sanyaya ɗakin tana iya hura ɗumi, domin wasu suna yi.

Misirawa, Musulminsu da Kiristansu, har yau da watannin Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar na asali, suke lissafi idan ana zancen yanayi. Za ka ji suna ambaton Ɗuba, wanda ke kamawa wajen 9 ga Janairu, a matsayin watan da sanyi ya kai maƙura, sai Amshir da ke bin sa daga wajen 8 ga Fabrairu, wanda aka sani da iska da ƙura. Wanda ya sami zaɓi a kan ranar aikin tiyatar da ba ta gaggawa ba, musamman ga tsoho ko mai amosanin jini, wanda sanyi ke tayar masa da ciwo, ina ba shi shawarar ya kauce wa tsakiyar Janairu. Lema ba dole ba ce, sai ga wanda zai leƙa Iskandariyya, inda ake samun ruwa da iskar teku sosai a lokacin sanyi. Amma idan ruwa ya yi ƙarfi a Alƙahira, tituna sukan cika domin magudanun ba su wadata ba. A watan Maris na 2020 sai da gwamnati ta rufe makarantu ta ba ma'aikata hutu saboda ruwa da iska. Duk ranar da aka wayi gari da irin wannan, a ɗaga fita idan da hali.

Daga Maris zuwa Mayu yanayi yana da daɗi a mafi yawan kwanaki, sai dai lokacin ne na iskar da suke kira Khamasin. Iska ce mai zafi da ke tasowa daga hamada ta kudu, tana ɗauke da yashi da ƙura, kuma tana iya ɗaga zafi ya haura digiri 40 cikin 'yan sa'o'i, sama ta koma ruwan ƙasa, a daina hango ƙarshen titi. Takan yi yini ɗaya ko biyu ko uku, sannan ta lafa, gari ya sake yin sanyi. Mu da muka saba da hazon hunturu muna ganin mun san ƙura, to amma tamu tana zuwa da sanyi ne a hankali, wannan kuwa da zafi take zuwa kuma farat ɗaya. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a cikin akwati ba, ya kuma tanadi takunkumi. Tabarau yana kare ido daga yashi, man kaɗe ko basilin kuma yana hana leɓe da ƙafa tsagewa. Tufafin wannan lokaci na tsaka-tsaki ne, wato kayan zafi tare da suwaita guda marar nauyi, domin dare a Maris da farkon Afrilu yana da sauran sanyi.

Zafi yana kankama daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Da rana yakan kai digiri 35, a wasu kwanaki ya wuce 40, kuma a Yuli da Agusta iska tana ɗaukar laima, sai mutum ya yi ta gumi ko yana zaune. A nan kam ɗan Arewa ba baƙo ba ne, ba sai na tsawaita ba. Abin da zan ƙara shi ne birni ne mai mutum fiye da miliyan 20 idan aka haɗa da kewayensa, ga kwalta ga hayaƙin motoci, kuma gine-ginen suna fitar da zafin da suka sha har tsakar dare. Yadi mai laushi na auduga ya fi shadda mai sitati sauƙi nesa ba kusa ba, mata kuma su nemi abaya da hijabi marasa nauyi, su rage baƙi idan za a yi yawo da rana. Duk da haka a saka suwaita ɗaya a jaka, saboda asibitoci da manyan shaguna suna ƙure na'urar sanyi, kuma majinyacin da ya shigo da gumi ya zauna awa biyu a irin wannan wuri yana iya kwasar mura. A lokacin zafi na 2023 da na 2024 an yi ta ɗauke wuta na wasu sa'o'i bisa tsari a unguwannin birnin, don haka ƙaramar fitila da abin cajin waya na tafi-da-gidanka ba za su zama kayan banza ba, kuma mai jinyar wanda ba ya iya hawa matakala ya nemi gida a hawa na ƙasa-ƙasa, kada ya dogara da lifta. Zoɓo da tsamiya da ruwan rake suna nan a shagunan lemo a kowace unguwa, amma ruwan sha na yau da kullum gara a sayi na gora, musamman ga marar lafiya.

Idan aka tambaye ni lokacin da ya fi dacewa da zuwa, Oktoba da Nuwamba nake cewa. Zafi ya sauka, sanyi bai kama ba, ana iya yawo a kasuwar Khan Khalili ko a je Giza kallon dala, wato manyan kaburburan dutse na Fir'aunoni, ba tare da an galabaita ba. Aibinsa ɗaya shi ne hayaƙi, domin a lokacin ne manoman yankin da Kogin Nilu ya rarrabu kafin ya shiga teku suke ƙona karan shinkafa bayan girbi, hayaƙin ya haɗu da na motoci ya tsaya a saman birnin. An rage wannan a shekarun baya-bayan nan, amma mai ciwon ƙirji ya taho da shirinsa. Shi kuma filin dala, a kowane wata aka je, fili ne fetal babu inuwa, da zafi rana ta gasa mutum, da sanyi iska ta kaɗa shi, don haka da sassafe ake zuwa, da hula da ruwa a hannu.

Takalmi yana cikin abin da mutanenmu suka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Alƙahira gari ne na tafiyar ƙasa: a sauka matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa, a hau gadar tsallaka titi, a ratsa kasuwar Ataba cikin turmutsitsi, a kan daɓen gefen titi da ba ko'ina yake daidai ba. Takalmi sau-ciki ko kambas wanda ƙafa ta riga ta saba da shi ya fi sabon takalmin fata na zuwa ɗaurin aure. Jirgin ƙarƙashin ƙasan, wanda ya fara aiki a 1987, yana da taragai na mata zalla a tsakiyarsa, kuma ina ba 'yan'uwa mata shawarar su riƙa shiga can. Fararen kaya kuwa a rage su, domin ƙurar garin da hayaƙinsa suna dafar da su a yini ɗaya. Babbar riga ko shadda mai aiki saiti ɗaya ta isa don Juma'a ko wata ziyara ta girmamawa. Fiye da haka nauyi ne kawai, ga shi masu wanki da guga na can ba su san bugu ba.

Magani yana buƙatar kulawa ta musamman. Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da abin da zai ishe shi har ya dawo da ƙari, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. Allurar insulin ba a saka ta a kayan da ke shiga cikin jirgi ta ƙasa, domin sanyin can yana iya lalata ta, zafin mota a watan Yuli ma haka. Masar tana da tsanani ƙwarai a kan magunguna masu sa maye irin su tramadol, kuma an ɗaure baƙi saboda shigo da shi. Saboda haka ina roƙon kowa da kada ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da wanda ya ba shi mutum ne da yake jin nauyinsa. Katin rigakafin shawara ana nemansa daga masu zuwa daga ƙasashenmu, a ajiye shi tare da fasfo. Sakamakon gwaje-gwaje da hotunan asibiti na gida su ma a jakar hannu suke tafiya, domin idan akwati ya makara, ganin likita ba zai makara ba.

Soket ɗin Masar mai ramuka biyu ne zagayayyu, irin wanda mutanen Nijar suka sani, don haka wanda ya taso daga Najeriya da caja mai ƙafa uku yana buƙatar adafta tun daren farko. Agogo ma yana da nasa lissafin: Masar tana gaban Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya a lokacin sanyi, amma tun 2023 ta dawo da tsarin ƙara sa'a daga Juma'ar ƙarshe ta Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai tazarar ta zama sa'o'i biyu. Mai shan magani a kan ƙa'idar lokaci ya lura da wannan.

Game da kayan abinci, kuɓewa da lalo suna nan a kasuwanninsu a wadace, shinkafa da wake da taliya kuma ba a magana. Abin da marar lafiya yakan yi marmari ya rasa shi ne kunu da miyar kuka, don haka garin kunu, kuka, daddawa da yaji kaɗan sun cancanci wuri a akwati, a ɗaure su da kyau a leda mai kauri a rubuta sunan kowanne, saboda jami'an kwastan suna iya tambaya a kan duk wani gari da ba su gane ba. A lokacin sanyi kofin kunu mai zafi da safe yana sa tsoho ya ci abin da ya ƙi ci jiya.

Ba sai an sayi komai daga gida ba. Kayan sanyi a can sun fi yawa kuma sun fi dacewa da sanyin garin, akwai sababbi a Ataba, akwai na gwanjo masu kyau a Wikalatul Balah da ke Bulaƙ, ga kayan ciki na audugar Masar da ta yi suna a duniya. Bargo ma a can ya kamata a saya idan na gidan haya bai isa ba, maimakon a cinye kilo da shi. Abin da ba a bari sai an isa shi ne na kwana biyun farko, kafin a huta a san hanyar kasuwa. Wanda jirginsa zai sauka da dare ko da asuba a watan Disamba, Janairu ko Fabrairu, ya fito da jaket da safa da hular majinyacinsa daga akwati ya riƙe su a hannu tun daga filin jirgin da ya tashi, domin tsakanin sauka, layin biza, jiran kaya da neman mota ana iya shafe sa'o'i kafin a kai masauki.